Jan Layi a Wuyan Zalɓe

Sau uku Ya'u yana kai makulli bakin kwaɗo yana zamewa. A na huɗu 'yarsa Firdausi ta miƙo hannu za ta karɓa, ya ture ta da gwiwar hannu. Shekara talatin da ɗaya yana buɗe wannan ƙofar, ba yau zai fara neman taimako ba don kawai hawan jini ya kayar da shi ya bar masa hannun dama yana kaɗawa. Ya dafe shi da na hagu, ya tura makullin, kwaɗon ya buɗe.

"Doucement, Papa. A hankali," in ji Firdausi. "Sai ƙarfe huɗu baƙuwar za ta zo."

Sati biyar rabonsa da unguwar Adjamé, amma Adjamé ba ta ma lura ba. Mahadar Roxy na nan yadda ya bar ta, motoci a cushe, masu kiran fasinja na tsage maƙogwaro da Abobo da Yopougon, 'yan tireda sun cinye rabin titi suna harin sauran rabin. Shagonsa na cikin lungun baya inda ake gyaran gbaka, ƙananan motocin hayar nan da ba sa tuna birki sai sun hango fasinja. Mai walda na hagunsa, Harisu mai ɗinkin kujerun mota na damansa.

Da can, duk gbakar da ta isa a kira ta gbaka sai ta zo Ya'u ya ɗora mata zaki a baya ko gaggafa a gefe. Metir suke kiransa, wato gwani. Yanzu inji ke buga zanen a leda, a manna cikin minti goma, zakin ya fito da haƙora farare tas kamar mai tallan man goge baki, direbobi kuma suka ce ya fi kyau. Ya'u ya daina musu da su tuntuni. Abin da bai daina ba shi ne tsuntsaye. Ɗan Yawuri ne, a bakin kogi ya tashi, kafin kawunsa mai fataucin goro ya kawo shi Abidjan yana ɗan shekara goma sha biyu, ya kuma manta bai mayar da shi ba. Kowace Lahadi da sassafe sai ya gangara tashar jirgin ruwa ta Treichville, ya zauna kan dakali da takarda da fensir, yana kallon balbela da zalɓe da kazar ruwa suna kiwo cikin kainuwa da robobin da lagun, tafkin nan da ya ratsa birnin, ke kwasowa. In ya dawo shago sai ya mayar da su kan yadi da fentin mota, don shi ke gare shi. Ashirin da uku ya gama cikin shekara goma sha tara. Ban da iyalinsa da Harisu, ba wanda ya taɓa ganin su.

Yau kuwa za a gani. Wata Madam Akisi, mai ɗakin nunin zane a Cocody, unguwar masu hali, tana sayen magani a kantin da Firdausi ke aiki. Tun kafin ciwon nan Firdausi ta nuna mata hoton guda a waya, matar ta ce za ta zo ta duba da idonta. Likita bai gaya wa Ya'u ba, amma shi ya sani, hannun nan ya gama aiki, ba zai ƙara fitar da gashin tsuntsu ko ɗaya ba. Abin da yake so bai da yawa. Wanda ya san zane ya tsaya gaban tsuntsayensa sau ɗaya, ya gan su yadda ya yi su, kafin a ce da shi marigayi mai fentin gbaka. Shi ya sa da safen nan, da matarsa Maimunatu ta tare ƙofa tana kawo zafin rana da maganar likita, har da ɓoye masa hula, ya fito kansa a buɗe.

Yana shiga ya ga an taɓa masa wuri. An share ƙasa, abin da shi bai taɓa yi ba sai ƙura ta kai masa hanci. Zane-zanen kuma ba sa lungun da ya bar su. An jera su a bango guda, kowanne a naɗe cikin tsohon zani, dukansu suna fuskantar gabas.

Ya kwance na farko. Balbela ce tsaye kan wata tsohuwar taya, hasken safiya a bayanta. Wata huɗu ya yi yana neman wannan farin, don farin balbela ba fari ɗaya ba ne. A wuyanta an ja layi ja, siriri, miƙaƙƙe, daga wannan gefe zuwa wancan.

Ya kwance na biyu. Kazar ruwa da 'ya'yanta uku, kowane ɗan tsako da nasa ɗan layin. Na uku, na huɗu. Firdausi ta durƙusa tana fizge zannuwan da sauri, tana faɗin "Non, non, non," kamar hakan zai canja na gaba. Bai canja ba. Shi Ya'u ya ja gwangwanin fenti ya zauna a kai.

"Yako, sannu Metir. Allah ya ƙara afuwa." Harisu ne a bakin ƙofa, da allurar buhu a hannu. Ya kalli bangon, ya mayar da idonsa kan allurar.

"Harisu, wa ya shigo min nan?"

Harisu ya sosa ƙeya. "Ai na so in zo gida in faɗa maka, sai aka ce kada a tayar maka da hankali. Maman Firdausi ce. Ranar nan da aka ce ka kwana biyu a asibiti ba ka san wanda ke kanka ba. Da hantsi ta zo da makulli, ta roƙi ruwa ta yi alwala. Na zaci addu'a za ta yi maka. Ina jin ta ta bango, bismillahi Allahu akbar, sai shiru. Can kuma bismillahi Allahu akbar. Har azahar fa. Da na leƙo, sai na tarar tana ɗauko su ɗaya-ɗaya, ta juya shi gabas, ta ja."

"Ba ka hana ta ba?" Firdausi ta daka masa tsawa. "Tonton Harisu, kana kallo?"

"Na ce mata, Hajiya, lafiya? Ta ce wani Alhaji Idris ne ya zo dubiya, ya faɗa a gaban mutane cewa mai zana abu mai rai, ranar lahira za a ce ya hura masa rai, kuma ba zai iya ba. Ta ce ta tambaya an gaya mata in aka yanka wuyan ya tashi daga mai rai. Kuka take, 'yata. Ni kuma wane ne da zan shiga tsakanin mace da lahirar mijinta?"

Ya'u ya san al'adar sarai. Direban da ya dawo daga Makka yakan zo yana jin kunya, ya ce Metir a ɗan sa wa zakin nan layi a wuya. Shi kuma ya ɓoye masa shi cikin geza yadda Allah zai gani, fasinja ba zai gani ba. Amma Maimunatu ba ta san ɓoyo ba. Shekara talatin tana yi wa amaren Treichville zanen lalle, hannunta ba ya karkacewa ko amarya na atishawa. Ta zaɓi jan da ya fi kowane ja, ta yi aikinta tsakani da Allah.

Firdausi ta jiƙa tsumma da fetur ta goga a gefen wuyan balbelar. Jan ya narke ya bazu, farin da ke ƙarƙashinsa ya biyo tsumman.

"Bari," in ji Ya'u.

"Papa, wataƙila in na yi a hankali..."

"Fentin mota ne a kan fentin mota. Na ce ki bari."

Ya nemi fushi a cikinsa, ya samu, amma ɗan kaɗan ne, bai isa ya tayar da shi daga kan gwangwanin ba. Wa zai yi wa? Matar da ta kwana goma sha biyu kan kwali a barandar asibiti? Gajiya ce ta rufe shi, irin wadda barci ba ya maganinta. Ya ji da ma ya bi shawarar hular ya zauna a gida.

Firdausi ce ta gano shi, da ta taka kujera tana neman tsumma mai tsabta. A saman kabad ɗin fenti akwai wani a kwance, ba a naɗe ba. Zalɓe ne, wanda ya gama ana jibi zai faɗi, ya ɗora shi can sama don ya bushe ba ƙura. Maimunatu gajeriya ce, ko da ɗaga dunduniya idonta bai kai nan ba. Firdausi ta sauko da shi tana hure shi. Yana tsaye da ƙafa ɗaya cikin ruwa mai launin toka, ya lanƙwashe dogon wuyansa yana sauraren wani abu a ƙarƙashin kainuwa. Wuyan lafiya lau. Ya'u ya karɓa ya jingine shi bayan ƙofa.

Madam Akisi ta iso huɗu da rabi ta wuce, tana ɗage gefen rigarta saboda baƙin man da ke malale a lungun. Doguwa ce, da tabarau mai kauri, ba ta da yawan gaisuwa. Ya'u ya so hakan. Ta tsaya gaban bangon. Ta matsa, ta ja baya, ta durƙusa gaban kazar ruwa da 'ya'yanta har sai da gwiwarta ta yi ƙara. Ba wanda ya taɓa daɗewa haka gaban aikinsa. Daɗi ya kama shi kamar ɗan makaranta, har ya ji kunyar kansa.

"Wannan layin ba ya cikin hoton da kika nuna min," ta ce da Firdausi da Faransanci.

Firdausi ta kalli mahaifinta.

"Bayan ciwon ya ƙara shi, ko?" Madam ba ta jira amsa ba. "Kin san, kyawawan tsuntsaye na ga dubu. A bakin kowane otal ana sayar wa baƙi. Na zo ne don kin matsa min, gaskiya. Amma wannan daban ne. Mutum ya shekara ashirin yana zana su da ƙauna irin wannan, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya yanka. Ai lagun ɗinmu ke nan. Abin da muka yi mata ke nan." Ta bi layin da ɗan yatsa ba tare da ta taɓa ba. "Dubi hannun kuma. Ko sau ɗaya bai yi rawa ba."

Ya'u ya tura hannun damansa cikin aljihu.

"Gaya mata ba ni ba ne," ya ce da Hausa.

"Papa, pardon."

"Gaya mata."

"In na faɗa tafiya za ta yi, Papa. Ka ji abin da ta ce game da bakin otal."

Yana da Faransancin da zai faɗa da kansa. Shekara arba'in da ɗoriya yana zagin direbobi da shi, kalma huɗu ba za su gagare shi ba. Ya kalli Firdausi, wadda ta bar aikinta na yini guda ta biyo shi, idonta ya kawo ruwa. Ya kalli bangon. Bai faɗa ba. Maimakon haka sai ya tashi da ƙyar, ya ɗauko zalɓen daga bayan ƙofa, ya jingine shi inda hasken la'asar ke shigowa, ya koma gefe. Wannan ne mafi kyau cikin duk abin da ya taɓa yi, ya sani. Idan akwai wanda zai yi magana a madadinsa, shi ne.

Madam ta juyo ta dube shi. Ba ta daɗe ba.

"Yana da kyau," ta ce. "Ba a gama shi ba, ko? Ka ja masa nasa, Metir. Ran Asabar mota za ta zo ta kwashe duka ashirin da ukun. Wannan shi zan sa a bakin ƙofa, ya fi sauran girma." Ta miƙa masa hannu. Ya ba ta na hagu.

A woro-woro, tasin haɗaka da ke zuwa Treichville, ya ɗora zalɓen kan cinya a naɗe, kusurwarsa na zungurar wata mata mai kwandon kifi, tana tsaki yana ba ta haƙuri. Firdausi ta yi ta magana a kunnensa. Za a rubuta sunansa a bango da manyan baƙaƙe. 'Yan jarida na zuwa irin wannan taro. Layi ɗaya ne kawai ya rage, kuma Maman za ta iya ja, minti biyu ma ba zai kai ba. Ya bar ta tana yi. Da suka hau gada ya leƙa ƙasa. Jirgin fasinja na barin tasha, ruwan ya yi kore da kainuwa, can gefe fararen ɗigo-ɗigo na tsaye cikin shara suna neman abin kai wa baki. Daga nan sama ba a gane wanne ne wanne.

Gidan hayarsu na bayan babban masallaci, ɗaki biyu cikin tsakar gida mai iyali shida. Maimunatu na zaune kan turmi tana gyara kifin da za ta dafa masa ba gishiri. Ta ɗago ta ga fuskarsa, ta ga abin da ke hammatarsa. Ta ajiye wuƙar, ta wanke hannu, ta biyo su ɗaki ta saki labule, don maƙwabta ba sa bukatar gayyata.

"Ka gani," ta ce.

"Na gani."

Ta tsaya riƙe da bakin zaninta. Ya zaci za ta ba da haƙuri. Ba ta bayar ba.

"Cewa suka yi a kira 'yan uwa, Malam. Likita da kansa. Ina tsaye, Alhaji Idris na faɗin abin da ya faɗa. Na kalle ka, roba a hanci, inji ke ja maka numfashi. Na ce wannan bawan Allah, nasa ran ma bai iya riƙewa ba, ta ina zai hura wa tsuntsu ashirin da biyu? Har da 'yan tsaki? Na san shekarun da ka zuba. Ni ke ajiye maka kunu duk Lahadi har ya huce. Amma na ce gara ka tashi ka tsane ni da ka tafi da su."

Ya zauna a bakin gado.

"Matar ta zo?" ta tambaya a hankali.

"Ta zo. Ta karɓa. Ta ce layin ya fi tsuntsayen."

Maimunatu ta kalli Firdausi don ta ji ko baƙar magana ce. Firdausi ta gyaɗa kai, wai gaskiya ne.

"Ikon Allah," in ji Maimunatu, ta rasa inda za ta sa maganar. Sai idonta ya koma kan abin da ke naɗe. Ta kwance zanin da kanta. Ta daɗe tana kallon zalɓen, sannan ta dafe ƙirji. "Wannan a ina ya ɓuya?"

"Saman kabad."

"Innalillahi. Ashe da ka tafi, da shi ka tafi." Ta juya ga 'yarta. "Akwai sauran jan nan a shago. Gobe da safe..."

"Madam ma abin da ta ce ke nan, Maman," Firdausi ta karɓe da sauri, murna ta fara dawo mata. "Ta ce a ja masa kafin Asabar. Kin ga kowa ya huta."

Ya'u ya kalle su, uwa da 'ya, yau bakinsu ya zo ɗaya, abin da rabonsa da gani tun Firdausi na goye. Ɗaya na so ta tsirar da shi a lahira, ɗaya na so ta shigar da shi Cocody, kuma wuya ɗaya duk suke nema. Ya miƙa hannun hagu ya jawo zalɓen jikin gwiwarsa.

"Ashirin da biyu na bar muku," ya ce. "Ke da Madam ku raba, ita ta ɗauki layin, ke ki ɗauki ladan. Wannan a bar min."

"Papa, ta ce duka. In ta fasa fa?"

"Ta fasa."

"Malam." Muryar Maimunatu ta karye. "Tambayar lahira fa?"

"Guda ɗaya ne, Maimuna. Ki bar ni in amsa da bakina. Zan ce ni na yi shi, ban kuma iya hura masa rai ba. Abin da Ka halitta na gani a bakin ruwa, na kasa ɗauke ido. In laifi ne, shi ke nan laifina."

A waje wata maƙwabciya na kiran Maimunatu, wai mage na zagaya kifinta. Ba ta amsa ba. Ta share ido da gefen ɗankwali, ta durƙusa ta karɓi zalɓen daga hannunsa. Bai hana ta ba. Ta naɗe shi a zanin, ta ɗaure bakin tamau yadda take ɗaure kayan amarya, ta miƙa wa Firdausi.

"Taka gado ki ɗora shi saman kabad ɗin kaya. Tura shi can ciki, jikin bango."

"Maman, ƙura fa?"

"Ki tura, na ce. Inda hannuna ba zai kai ba." Ta juya za ta fita wajen kifinta, ta tsaya riƙe da labule, ba ta waiwayo ba. "In ya sake kwanciya, ban yarda da kaina ba."